Yadda Mai Farawa Zai Soma Rubutu Don Jama'a

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Yerimaram, Potiskum

 

An nemi in yi magana a kan yadda mutumin da bai taɓa rubuta wani abu don jama'a su karanta ba zai soma. Dalilin zaɓen wannan batu kuwa sananne ne. Duk wanda ke bin mujallar nan tamu ya san sunayen mutane ƙalilan ne ke ta maimaituwa a shafukanta. Ga matasa sun yi sakandare, wasu sun gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Potiskum, wasu har jami'a, amma in aka ce su kawo shafi ɗaya sai a shiga kallon juna. A ɗaya gefen kuma, dattawan da suka fara sauka a wannan wuri suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda muka kai makwancinsa, da shi ake binne sanin inda gidansu ya taso, da wanda ya ba su masauki, da yadda aka yi suka sami filin da 'ya'yansu ke zaune a yau. In aka ci gaba a haka, jikokinmu za su tashi ba su san ko daga Kano kakansu ya zo ba, ko Katsina, ko Haɗeja, ko Damagaram. Ranar da gardamar gado ko ta iyakar fili ta taso kuwa, babu abin dubawa.

Waɗanda suka riga mu

Abin da ya fi hana mutane farawa shi ne tsoro. Mutum zai ce, "Ni wane ne da zan yi rubutu?" To bari mu duba waɗanda muke kira manyan marubuta a yau, mu ga yadda suka soma.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. An haifi Imam a 1911, ke nan yana da shekara 22 lokacin, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne a Bauchi. Dukansu masu farawa ne, kuma babu wani littafin labari na Hausar boko irin wannan da za su duba su kwaikwaya. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa, mutanen garuruwa da ƙauyuka suka riƙa aika mata wasiƙu ana bugawa.

A ɓangaren mata, an buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, bayan gasar da kamfanin buga littattafai na NNPC ya shirya. Balaraba Ramat Yakubu kuwa tun tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatu ta ajin manya, ga shi a 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda har an fassara shi da Turanci. A shekarun 1980 da 1990 matasan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino ba su tsaya jiran manyan kamfanoni ba. Su rubuta, su tara kuɗi, su kai wa mai injin ɗab'i, su ɗauka su kai kasuwa da kansu. Ƙungiyar da suka kafa ma sunanta Raina Kama.

Akwai kuma misalai biyu da ya kamata su ɗan sosa mana rai. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana ba ta labarin rayuwarta tana rubutawa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau duk mai nazarin zaman matan Hausawa sai ya nemi shi. Baba ba sarauniya ba ce, ba attajira ba ce, tsohuwa ce irin waɗanda ke cikin gidajenmu. Na biyu kuma a nan Potiskum ya faru. Wani masanin harshe daga Amurka, Russell Schuh, ya zauna a garin nan wajen 1969 zuwa 1970 yana koyon Ngizimanci, ya fitar da ƙamus a 1981. Daga baya ya dawo, suka haɗa kai da Dakta Alhaji Maina Gimba da 'yan ƙasa masu jin harsunan, aka buga ƙamus na Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Ngamo da wasunsu a maɗaba'ar Ajami ta Potiskum a 2004. Kun ga mutum ya taso daga wata duniya ya zo ya rubuta abin da ke bakin ƙofarmu. Mu da muke kwana muna tashi a wurin, me ya hana mu?

Me zan rubuta?

Mai farawa ya zaɓi fage ɗaya wanda ya sani, ya tsaya a kansa. Kada ka ce yau siyasar Abuja, gobe yaƙin Gabas ta Tsakiya, jibi ƙwallon Ingila. Waɗannan akwai dubban masu rubuta su, kuma sun fi ka kusa da su. Abin da kai ka fi kowa sani yana nan kusa da kai.

Alal misali, karar shanun Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Yaron da ubansa dillali ne ya san yadda ake duba haƙoran sa a gane shekarunsa, da yadda ake yanke ciniki, da yadda ake raba la'ada, da yadda ake loda shanu a tirela zuwa kudu. Wannan ilimi ne, kuma mutumin Legas da ke cin naman bai san shi ba. Garin nan ya yi suna wajen manyan motoci. Yaron mota zai iya rubuta yadda ake tashi daga wanke taya har a kama sitiyari, da wahalar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Mai awo a kasuwar hatsi zai iya rubuta farashin gero da dawa da wake kowane mako, da dalilin hawa ko sauka. In ya yi shekara uku yana yi, ya tara abin da manomi da ɗan kasuwa za su riƙa nema. Iyayenmu mata da ƙannenmu suna da fagen da namiji ba zai iya shiga ba: adashi, sana'ar cikin gida, yadda kayan ɗaki da lefe suka canja daga zamanin kakanni zuwa yau, da yadda aure ya haɗa mu da maƙwabtanmu.

Akwai kuma abin da ke da nauyin faɗa. Garin nan ya ga harin da aka kai kara a watan Mayu na 2012, ya ga bam ɗin da ya tashi a makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati a watan Nuwamba na 2014, inda ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Jaridu sun ba da adadi sun wuce. Yadda mutane suka rayu a waɗannan shekaru, da wanda ya ɓoye maƙwabcinsa, da wanda ya riƙe marayu, wannan sai mu. Yaran da aka haifa bayan lokacin sun fara girma, kuma suna da haƙƙin sani.

Tattara bayani

Kayan aikin ba su da tsada: ɗan littafin aljihu da biro. Mai waya kuma zai iya ɗaukar murya, amma sai ya nemi izini tukuna. Tambayoyi shida ne jagora: me ya faru, wa ya yi, a ina, yaushe, yaya aka yi, kuma don me. Duk rubutun da ya amsa waɗannan ya tsaya da ƙafarsa.

In za ka wurin dattijo, ka je lokacin da ya huta, bayan la'asar ko da hantsi. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da za ka yi da maganarsa. Kada ka katse shi ko da ya yi nisa da abin da ka tambaya, domin sau da yawa a can gefen ne abin da ya fi amfani yake fitowa. Kada kuma ka ce sai ka gama a zama ɗaya.

Wurin da masu farawa ke tuntuɓe shi ne shekara. Ka ce, "Baba, a wace shekara kuka zo?" sai ya ce, "An daɗe, ɗana." Dabarar ita ce ka auna masa da abin da kowa ya tuna. Ka riƙe waɗannan a ka: samun 'yancin kai, 1960. Yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Kafa Jihar Arewa Maso Gabas, 1967. Komawa tuƙi ta hannun dama, 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, 1973. Babban farin nan, 1973 zuwa 1974. Kafa Jihar Borno da kisan Janar Murtala, duka a watan Fabrairu na 1976. Kafa Jihar Yobe, 27 ga Agusta, 1991. Sai ka ce, "Baba, da kuka sayi filin nan, da fam kuka biya ko da naira?" In ya ce da fam, ka san kafin 1973 ne. Ka ƙara, "An gama yaƙi lokacin?" In ya ce an gama, to ka kama shekarar tsakanin 1970 da 1972. A rubutunka sai ka ce "wajen" ko "tsakanin", kada ka yanke shekara ɗaya alhali ba ka tabbatar ba.

Zaman rubutu

Ka fara da abin da ya fi muhimmanci. Mai karatu yana da sauran hidimomi, in ka cika shi da doguwar shimfiɗa zai ajiye takardar kafin ka iso gaɓar. In labarinka a kan tashin farashin gero ne, layin farko ya ce gero ya tashi, a wace kasuwa, a wane mako. Dalilai su biyo baya.

Ka yi rubutu kamar kana yi wa yayanka bayani a zaure. Kalmar da ba za ka faɗa da baki ba, kada ka sa ta don a ce ka iya. Kada ka tsara magana da Turanci a zuciyarka sannan ka juye ta, domin mai karatu zai ji ta tana ɗingishi. Sakin layi ɗaya, magana ɗaya. Shafi ɗaya ko biyu ya ishi mai farawa. In ka gama, ka bar shi ya kwana, da safe ka karanta da ƙarfi. Duk inda harshenka ya sarƙe, wurin na bukatar gyara.

Sai ƙa'idar rubutu, wadda matasanmu suka yi wa riƙon sakainar kashi tun da saƙon waya ya shigo. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma 'y, suna canja ma'ana. Kafa daban, ƙafa daban. Bata daban, ɓata daban. Yaya daban, 'ya'ya daban. In ka rubuta "ya kasa" alhali "ƙasa" kake nufi, ka ɓad da mai karatu. Haka raba kalmomi. "Ta fi" daban take da "tafi". Wanda ya haɗe su a sunan jaridar nan ta Zariya, ai ya sallami gaskiya ke nan, ya ce ta kama hanya. "A kan" na nufin bisa wani abu, "akan" kuma na nufin abin da aka saba yi. Littafin Hausa na 'yan sakandare ya isa ya koya maka waɗannan cikin mako guda. Dattijo ko malamin da ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajaminsa, matasa su juye shi zuwa boko, a adana asalin takardar.

Inda ake zamewa

Jama'a, nan ne nake so a ƙara kasa kunne. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi, domin tana nan bayan mai ita ya manta ya yi ta.

Na farko, kada ka rubuta abin da ka ji a majalisa ko a tasha sai ka bincika. Ka nemi aƙalla mutum biyu da ba su haɗa baki ba. In magana ta shafi wani, ka je ka ji ta bakinsa. Abin da ka gani da idonka ka ce ka gani, abin da aka faɗa maka ka ce an faɗa maka, ra'ayinka kuma ka nuna ra'ayinka ne.

Na biyu, ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa, kuma wanda aka ɓata zai iya kai ƙara ya nemi diyya. Mai rubutu da mai bugawa duka abin zai iya shafa. In kana da kuka a kan rashin ruwa ko lalacewar kwata, ka bayyana matsalar, da tun yaushe take, da waɗanda take cutarwa, da abin da ake nema a yi. Wannan ya fi zagi kaiwa inda ake so.

Na uku, sirrin gida. Tsohuwa za ta iya ba ka labarin asalin wani gida ko mutuwar wani aure saboda ta yarda da kai. Kafin ka buga, ka koma ka karanta mata, ka tambaye ta abin da za a bari da abin da za a cire. In ta ce a ɓoye suna, a ɓoye.

Na huɗu, kuma shi ya fi shafarmu a matsayinmu na waɗanda iyayensu suka zo suka tarar da masu gari. Wannan ƙasa ta Ngizim ce da Karekare da Bolewa da Ngamo da sauransu tun kafin zuwanmu, sunan Yerimaram kansa yana da nauyi a tarihin Ngizim da masarautar Potiskum. Kun san kuma hedkwatar masarautar Fika ta dawo Potiskum a 1924, sannan aka maido da masarautar Potiskum a shekarar 2000. Kowane ɓangare yana da tarihinsa da yake ji da shi, yana kuma da masanansa. Ba aikin mai farawa ba ne ya zauna ya yanke hukuncin wa ya riga wa. Ka rubuta namu: daga ina muka zo, me ya kawo mu, wa ya karɓe mu, wace sana'a muka kawo, wace muka koya a nan. In labarin ya taɓo masu masaukinmu, ka rubuta sunayensu da sarautunsu daidai yadda su suke faɗa, ka kuma nuna wa wani dattijonsu kafin a buga. Layi ɗaya na ganganci zai iya ɓata zaman lafiyar da iyayenmu suka yi shekaru suna ginawa.

Na biyar, kada ka kwashi rubutun wani ka sa sunanka. Sata ce, kuma akwai dokar haƙƙin mallaka a ƙasar nan, wadda aka sa hannu a kan sabuwarta a 2023. In ka ɗauko magana daga littafi, ka faɗi mai shi.

Ɗorewa

Farawa da zafi ba wuya, ci gaba shi ne aiki. Ka sa wa kanka lokaci, ko rabin sa'a ne bayan asuba ko bayan lisha, kwana uku a mako. Ka yi wa edita alkawarin shafi ɗaya a kowace fitowa, ka cika. Mai karatu yana sabawa da marubucin da yake gani a kai a kai, har ya riƙa buɗe mujalla don neman sa.

Ka sami mutum ɗaya mai faɗa maka gaskiya, malamin Hausa ko wani mai yawan karatu, ka riƙa nuna masa kafin ka miƙa. In edita ya yanke rabin abin da ka kawo, kada ka yi fushi, aikinsa ke nan, kuma manyan marubuta ma ana yi musu. Ka yawaita karatu, domin wanda ba ya karanta na wasu nasa ba ya nuna. Ka ajiye kwafin duk abin da ka rubuta da kwanan wata a jiki.

Maganar kuɗi kuwa, gara a faɗa tun yanzu: mujallar ƙungiya ba ta biya, kuma kaɗan ne a ƙasar Hausa ke ci da rubutu kaɗai. Amma wanda hannunsa ya faɗa yana da inda zai nufa. Akwai jaridar Aminiya da aka fara bugawa a 2006, akwai gidajen rediyo masu neman rubutaccen shiri, akwai Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata. Ko ba wannan, mai iya rubutu shi ake nema ya zama sakatare, shi ke rubuta takardar koke zuwa ƙaramar hukuma, shi ke rubuta yarjejeniyar ciniki yadda ba za a yi rigima gobe ba.

Shugaba, ina roƙon alfarma guda. Kafin taro na gaba, kowane saurayi da kowace budurwa da ke nan su zauna da mutum mafi tsufa a gidansu, su yi masa tambaya uku: daga ina muka zo, yaushe, kuma wa ya sauke mu? A rubuta amsar a shafi ɗaya, a sa sunan mai ba da labari da kwanan wata, a kawo wa sakatare. Wanda aka yarda a buga, a buga. Sauran a sami akwati mai makulli a adana. Iyayenmu kuma, don Allah in yaran nan sun zo, a ba su lokaci, a yi haƙuri da yawan tambayarsu.

 Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a hannun masu farawa.